Gasasshen Dankalin Turawa da Ruwan Khal da Ganyen Ƙamshi

Karon farko da na gwada gasa dankalin turawa da ruwan khal, na yi abin da kowa zai fara kawowa a ransa. Na yanka ɗanyen dankali, na zuba mai, na kwarara khal, na barbaɗa ganye da dakakkiyar tafarnuwa, na cakuɗa, na tura oben. Bayan awa guda na fito da abin da ba ya ciyuwa. Cikinsa da tauri kamar bai ga wuta ba, bayansa fari fat, tafarnuwar ta ƙone tana ɗaci, tsamin da na yi wahala dominsa kuwa ya bi iska, sai warinsa da ya cika kicin. Kayan haɗin ba su da laifi ko ɗaya. Lokacin da kowanne ya shiga ne ba daidai ba.

Girkin nan a kan lokaci ya tsaya. Khal sau biyu yake shiga, kuma kowace shiga da nata aikin. Ganyen ma kashi biyu ne: akwai mai jure wuta, akwai wanda ko tururi ya buge shi ya gama. Idan kika gane waɗannan biyun, sauran duk aikin hannu ne.

Dankalin tukuna

Dankalin turawa ba iri ɗaya ba ne. Asalinsa daga tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, yankin Peru da Bolibiya na yau, inda har yanzu ake noma dubban ire-irensa, kafin Sifaniyawa su kai shi Turai a ƙarni na 16. Amma mai girki kashi biyu kawai ya dame ta. Akwai mai gari-gari, wanda sitacinsa ya yi yawa kuma ruwansa kaɗan ne, idan ya dahu sai ya yi luguf yana neman marmashewa, irin su Russet da Maris Piper da King Edward. Akwai kuma mai santsi, wanda ke riƙe jikinsa ko ya dahu, irin su Charlotte da Nicola da yawancin ƙananan sabon dankali. Yukon Gold, wanda aka samar a Kanada, yana tsakiya.

Ni mai gari-gari ko na tsakiyar nake zaɓa. Khal da kansa yana ƙara wa dankali tauri, to idan kika haɗa shi da dankalin da dama can mai riƙe jiki ne, sai ki sami abin da ya yi kyau a ido amma cikinsa bai yi laushin da ake so ba. Idan ba ki san irin wanda ke hannunki ba, ki yanka ɗaya biyu ki goga fuskokin da juna. Mai yawan sitaci yakan fitar da farin ruwa mai kauri, ɓarin biyu su ɗan manne. Gwaji ne na kusa-kusa, amma yana taimakawa.

Duk wanda ya yi kore ko ya fitar da tsiro, ki fere wurin da zurfi. Idan koren ya yi yawa ko dankalin ya yamushe, ki jefar. Wannan koren alama ce ta cewa haske ya same shi, kuma tare da shi sinadarin solanin ke ƙaruwa, mai ɗaci da ɓata ciki, wanda dafuwa ba ta kashe shi. Dankalin da ya daɗe a firij kuma wani ɓangare na sitacinsa ya riga ya koma sukari, saboda haka zai yi duhu da wuri a wuta tun cikinsa bai kai ba.

Wane khal?

Khal na girki yawanci tsaminsa kashi 5 cikin ɗari ne, kuma da shi na auna duk abin da ke ƙasa. Ki duba jikin kwalbar. Akwai mai ƙarfi da ake sayarwa don goge-goge ko don a tsarma shi da ruwa, wani har kashi 25 yake kaiwa, wannan ba a zuba shi haka nan a abinci.

A ruwan tafasa, farin khal ya wadatar, ba sai kin ɓarnatar da mai tsada ba tunda yawancinsa zubarwa za a yi. A ƙarshe ne ake neman mai ɗanɗano. Khal ɗin tuffa yana da sauƙin tsami da ɗan ƙamshin 'ya'yan itace. Na sha'ir, wanda mutanen Ingila ke yayyafa wa soyayyen kifi da dankali, yana da wani ƙamshin gasasshen hatsi da ke tafiya da dankali ƙwarai. Balsamik na garin Modena a Italiya yana da sukari, idan ya shiga oben mai zafi ƙonewa yake yi ya manne a tire, shi sai dai a ɗiga a faranti.

Abin da za ki tanada, na mutum huɗu

- Dankalin turawa kilo 1
- Ruwa lita 1 da rabi
- Farin khal mililita 120, wato rabin kofi, na tafasawa
- Khal ɗin tuffa ko na sha'ir, babban cokali 1 zuwa 2, na ƙarshe
- Gishiri babban cokali 1 a ruwan tafasa, da ɗan kaɗan na barbaɗawa
- Man zaitun ko wani man girki mara ƙarfin ƙamshi, babban cokali 4
- Tafarnuwa ƙwaya 4
- Ɗanyen rozmari reshe 2, ɗanyen tayim reshe 4
- Ɗanyen fasili cikin hannu ɗaya, da ɗan dil idan kina sonsa
- Baƙin masoro

Idan busasshen rozmari da tayim kike da su, kashi ɗaya cikin uku na ɗanyen ya isa, don bushewa tana tattara ƙarfinsu. Busasshen fasili kuwa ki bar shi a kwalbarsa, ba ya ƙara komai sai launi.

Tukunyar ma a kula da ita. Tsami yana cin alminiyam da baƙin ƙarfe, ya bar wa abinci ƙarnin ƙarfe ya kuma dusashe launinsa. Ki yi amfani da ta ƙarfe mara tsatsa ko mai rufin tangaran a ciki.

Mataki na 1: yanka

Ferewa ganin dama ne. Mai siririn ɓawo ki wanke shi da kyau ki bar masa abinsa, mai kauri ki fere. Abin da ba ganin dama ba ne shi ne girman yanka: kowane gutsure ya kai santimita 3 zuwa 4, kuma su zo kusan ɗaya. Ƙanana suna bushewa su zama tsakuwa, manya kuma bayansu zai gasu ya bar cikin. Ki yi ƙoƙari kowanne ya sami faffaɗar fuska aƙalla ɗaya da zai kwanta a kai, domin a wurin da dankali ya taɓa tire ne ɓawon ƙaras-ƙaras ke fitowa.

Mataki na 2: tafasawa da khal

Ki zuba dankalin a tukunya, ki sa ruwan sanyi, gishiri da rabin kofin khal ɗin, sannan ki ɗora a wuta. Da ruwan sanyi ake farawa don zafi ya ratsa ciki da waje tare. Idan ya tafasa ki rage wuta, ya ci gaba da ɓararraka a hankali na minti 15 zuwa 20.

A nan ne mutane da yawa ke sauke tukunya da wuri, don sun saba dankali na yin laushi a minti goma. Wannan ba zai yi ba, kuma da dalili. Ƙwayoyin jikin dankali akwai wani abu da ke manne su da juna kamar danƙo, ana ce masa fektin. Zafi ne ke narkar da shi har dankali ya yi laushi. A ruwa mai tsami, fektin yana jinkirin narkewa. Amfanin haka shi ne za ki iya dafa dankalin har ciki ba tare da ya farfashe ya koma fate ba, kuma a wannan tsawon lokacin gishiri da tsami suna samun damar shiga jikinsa. Tsamin da ya shiga ciki shi ne wanda oben ba zai iya kora duka ba.

Kada ki dogara da agogo kaɗai. Ki soka wuƙa a babban gutsure: ta shige har tsakiya ba gardama, amma dankalin bai rabe ba. Idan kin ji turjiya a tsakiya, ki ƙara masa minti uku. Dankalin da ya fito daga ruwan khal da sauran tauri a ciki, da wuya oben ya gyara shi yadda ake so.

Rabin kofi yana ba da tsami matsakaici, wanda ake ji ba tare da an yamutsa fuska ba. Mai son ta ji shi sosai ta kai kofi guda, ta kuma ƙara minti biyar a dahuwa. Wadda riƙe jiki kawai take so ba ɗanɗano ba, babban cokali biyu ya ishe ta.

Wataƙila kin taɓa jin masu sa bekin soda a ruwan dankalin gashi. Gaskiya ne yana aiki, sai dai akasin aikin khal yake yi: yana saurin narkar da fektin, bayan dankalin ya yi laɓo-laɓo, ya gasu da kaurin ɓawo. Hanya ce mai kyau, amma ta wani girkin daban. Idan kika haɗa su a tukunya ɗaya, kumfa za su yi su kashe juna, ki tashi babu tsuntsu babu tarko.

Mataki na 3: tsanewa da shan iska

Tun dankalin na wuta ki kunna oben a digiri 220 na ma'aunin Salsiyos, ko 200 idan mai fanka ne, ki sa tiren ƙarfe mai kauri a ciki ya yi zafi tare da shi.

Ki juye dankalin a matsami, kada ki ɗauraye. Ki bar shi minti 5 zuwa 10 yana fitar da tururi har bayansa ya bushe ya yi fari-fari kamar an shafa masa alli. Wannan jiran da ake rainawa shi ne rabin nasarar. Muddin akwai ruwa a jikin dankali, zafin bayansa ba zai wuce digiri 100 ba, gashi kuwa sai an haura haka sosai yake fara ba da launi da ƙamshi. Wannan canjin, inda sukari da sinadaran furotin ke haɗuwa a zafi su ba da launin zuma, shi ne wanda masanin kimiyya ɗan Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Tsami yana rage masa sauri, shi ya sa dankalin khal ke buƙatar bushewa da zafin wuta fiye da na kullum.

Idan ya sha iska, ki girgiza matsamin sau uku ko huɗu gefen dankalin ya ɗan kurje. Ba zai yi gari-gari sosai kamar wanda aka dafa a ruwa zalla ba, kada ki matsa masa.

Mataki na 4: man ƙamshi

Yayin da dankalin ke tsanewa, ki zuba man a ƙaramin kasko da yankakkiyar tafarnuwa, ganyen rozmari da kika tsige kika yanka, da tayim. Ki ɗora a ƙaramar wuta minti 3 zuwa 4, kina juyawa, har tafarnuwar ta fara sauya launi kaɗan. Nan take ki tace man a cikin babban kwano, ki ajiye tafarnuwar da ganyen a gefe. Ƙamshin rozmari da tayim a mai yake narkewa, saboda haka man ya riga ya kwashe shi, zai kuma kai shi kowane lungu na dankalin. Soyayyun gutsattsarin kuma sun tsira daga minti arba'in na wuta mai tsanani, wanda da sun shiga da sun koma gawayi.

Idan kina sauri, ga gajeriyar hanya: ki jefa ƙwayoyin tafarnuwa da ɓawonsu a tire, ki sa rassan rozmari da tayim a minti 15 na ƙarshe. Ba ta kai waccan ba, amma ba za ta ba ki kunya ba.

Bota kaɗai kada ki gasa da ita a wannan zafin, madarar da ke cikinta ƙonewa take yi. Idan kina son ɗanɗanonta, ƙaramin yanki a ƙarshe ya fi.

Mataki na 5: gashi

Ki juye dankalin a kwanon man, ki sa masoro da ɗan gishiri, ki jujjuya har kowane gutsure ya yi sheƙi. Ki fito da tiren mai zafi, ki jera su, faffaɗar fuskar a ƙasa. Ya kamata ki ji "cuuu" da sun taɓa ƙarfen. Ki bar tazarar yatsa ɗaya tsakaninsu. Idan tire ɗaya bai isa ba ki raba biyu, domin dankalin da aka cunkusa turara juna yake yi, ba gasuwa ba.

Ki tura tiren a tsakiyar oben ko ƙasa da tsakiya kaɗan, ki rufe, ki ƙyale shi minti 25. Ki daure kada ki buɗe. Duk buɗewa zafi ne ke fita, kuma dankalin da aka taɓa kafin ɓawonsa ya kafu yakan bar fatarsa manne a tire. Idan lokacin ya cika, ki sa siririn cokalin juyi na ƙarfe a ƙarƙashin ɗaya. In ya saki da kansa, ƙasan ya yi launin zuma, ki juya su duka. In ya ƙi, ki ba shi ƙarin minti biyar, zai saki.

Bayan juyi, minti 15 zuwa 25 kuma, gwargwadon oben ɗinki, kina iya sake juyawa sau ɗaya a tsakiya. Launin da ake nema na zuma ne mai ɗan duhu a gefe-gefe. Kada ki bari ya koma baƙi-baƙi: banda ɗaci, abinci mai sitaci idan ya gasu ya wuce kima yana tara sinadarin akrilamaid da ake zargin yana da illa ga lafiya, wanda masu bincike a Suwidin suka gano a irin waɗannan abinci a 2002, kuma tun daga nan hukumomin lafiyar abinci ke ba da shawarar a tsaya a launin zinariya.

Mataki na 6: khal na biyu da ɗanyen ganye

Sinadarin da ke ba khal tsaminsa yana tafasa ne a digiri 118. Oben ɗinki yana 220. Wannan ne ya sa khal ɗin da ke bayan dankali yake tashi a lokacin gashi, kuma shi ya sa ake buƙatar zubi na biyu, wanda hanci da harshe za su fara cin karo da shi.

Da fitowar tiren, tun yana ƙara, ki yayyafa babban cokali ɗaya na khal a kan dankalin, ki girgiza. Ki kau da fuskarki, tururin farko yana shiga hanci da ido. Zafin zai ƙone ruwan cikin daƙiƙu kaɗan ya bar ɗanɗanon a ɓawon. Yayyafi na ce, ba kwarara ba. Kwalbar fesawa mai tsabta ta fi komai dacewa, in babu ki ɗiga da cokali daga sama. Idan ya yi yawa har ya kwanta a tire, ƙaras-ƙaras ɗin da kika yi minti arba'in kina jira zai jiƙe a banza. In hakan ta faru, ki mayar da shi oben minti uku.

Ki ɗanɗana ɗaya. Tsami yana fito da gishiri, saboda haka sai bayan khal ake gyara gishiri, ba kafinsa ba. Sannan ki mayar da soyayyiyar tafarnuwa da ganyen da kika ajiye.

Fasili da dil su ne na ƙarshen ƙarshe, bayan an juye a faranti. Abu biyu ke ɓata su, zafi da tsami, kuma ga su duka a nan. Koren ganye idan ya zauna cikin tsami yakan koma ruwan toka-toka, ƙamshinsa ya mutu. Ki tabbata ganyen ya bushe daga wanki kafin ki yanka, ki yi da wuƙa mai kaifi don kada ya dagargaje, ki barbaɗa, a kai tebur. Kada ki rufe farantin, tururi zai koma ya jiƙa shi.

Dil yana da ƙarfin hali, ba kowa yake shiri da shi ba, kuma a ganina ba ya jituwa da rozmari mai yawa. In za ki sa shi, ki rage rozmari zuwa reshe ɗaya ko ki bar tayim kaɗai. Na'a-na'a kaɗan tana yin kyau idan da naman rago za a ci. Tsamin dankalin yana yanke maiƙo, don haka ya fi haskawa kusa da abu mai kitse: gasasshiyar kaza da fatarta, nama, kifi mai mai, ko soyayyen ƙwai. Idan babban abincin da kansa yana da lemon tsami ko tumatir da yawa, ki rage khal na ƙarshe zuwa ƙaramin cokali ɗaya.

Idan babu oben, da abin da ya rage

A kasko mai kauri ma yana yiwuwa. Bayan tafasawa da shan iska, ki zuba man ƙamshin a kaskon, ki jera dankalin layi ɗaya a matsakaiciyar wuta, minti 6 zuwa 8 kowace fuska ba tare da motsawa ba. Idan kaskon baƙin ƙarfe ne, ki juye dankalin a kwano kafin ki yayyafa khal. A na'urar suya da iska mai zafi kuma digiri 200, minti 20 zuwa 25, da girgizawa sau biyu, mai cokali biyu ya isa.

Ƙananan dankali akwai wata dabara da ta dace da su: ki tafasa su ɗungum da ɓawonsu, ki danne kowanne da gindin kofi har ya fashe ya baje, sannan ki shafa mai ki gasa. Tsagogin nan duk suna yin ƙaras-ƙaras, kuma suna riƙe khal ɗin ƙarshe fiye da yanka mai santsi.

Ranar da aiki ya yi yawa, kina iya tafasa dankalin tun jiya, ki bar shi ya huce, ki sa a firij a buɗe a kan tire. Iskar firij tana ƙara busar da shi, washegari ya fi gasuwa, sai dai ki ƙara masa minti biyar tunda da sanyinsa zai shiga. Wanda aka ci aka rage ya shiga firij cikin awa biyu, a rufe, a cinye cikin kwana uku. Wajen ɗumame ki mayar da shi oben a digiri 200 na minti 10, ko kasko da ɗigon mai, sannan ki sake yayyafa ɗan khal da sabon fasili, domin na jiya ya riga ya tafi.